Naɗi da Kewaye: Ma'anar Wata Kalma da Tarihin Sarauta a Madawa, Buza da Keita

1. Gabatarwa

Asalin wannan takarda wata gardama ce da ta tashi a ajin fassara. Mun ba ɗalibai wani guntun rubutu na Ingilishi domin su juya shi zuwa Faransanci, sannan zuwa Hausa. A cikinsa akwai aikatau "enwreathe", wanda ake amfani da shi idan an kewaye kan mutum, ko wani abu, da tufkakken ganye ko furanni. Wajen Faransanci ba a sha wuya ba, kusan kowa ya rubuta "couronner" ko "ceindre". Da aka zo kan Hausa sai aji ya rabu. Wasu suka ce "kewaye", wasu suka ce "sa kambi". Wani ɗalibi mutumin Buza ya ce a garinsu ba a kewaye kan mutum don a girmama shi sai da abu guda, wato rawani, saboda haka "naɗa" ita ce kalmar. Abokansa suka yi masa dariya, suna cewa ina ganye ina rawani.

Mun ga ya kamata a ɗauki maganar ɗalibin nan da muhimmanci. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973 ake fama da neman kalmomin tarihi, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya ƙara wa aikin nauyi. Idan muka fassara kalmomin sarauta ba daidai ba, to tarihin da za mu koyar ma ba zai zama daidai ba.

Abin da muke son nunawa shi ne: kalmar Hausa ta kewaye kai don girmamawa ita ce "naɗi", kuma wannan kalma tana ɗauke da tambaya a cikinta, wato wa ya naɗa? Za mu fara da asalin kalmar Ingilishi, mu duba takwarorinta na Hausa, sannan mu bi wannan tambaya cikin tarihin ƙasashen da a yau ake kira gundumomin Madawa, Buza da Keita, a jihar Tawa.

2. Kalmar a wurin masu ita

Sunan da aikatau ɗin ya fito daga gare shi, "wreath", ya samo asali daga wani tushe na tsohon Ingilishi mai nufin murɗawa. Daga wannan tushen ne kuma aka sami "writhe", wato murɗe-murɗen jiki irin na maciji ko na mai ciwon ciki. Ke nan tun farko kalmar ba ta zancen ganye ko fure, aikin hannu take nunawa: a kama abu mai tsawo, a murɗa shi, a haɗa bakinsa. Ɗafin "en" da ke gaba shi ne ke nuna an saka wani abu a tsakiyar murɗin. Ita kuwa "couronne" ta Faransanci daga "corona" ta Latin take, wadda Latin ta aro daga wata kalmar Girkanci mai nufin abu lanƙwasasshe. Faransanci siffa ya duba, Ingilishi kuwa yadda ake yin abin.

Al'adar kanta ta Girkawa ce da Rumawa. A wasannin Olimpiya ana ɗora wa wanda ya yi nasara zoben ganyen zaitun, a Delfi kuma na wata itaciya da Faransawa ke kira "laurier". Jarumin Rum da ya ciwo yaƙi da irin wannan ganye yake shiga birni. Daga nan aka sami "lauréat", kuma saboda wasa da wannan kalma ne tsohuwar "baccalarius" ta rikiɗe ta zama "baccalauréat", jarrabawar da ɗalibanmu suka sani da bak. A Ingila an mayar da abin muƙami: John Dryden shi ne mawaƙin farko da aka ba wannan matsayi da takardar sarki, cikin 1668.

A adabin Ingilishi kalmar ta mawaƙa ce, ba ta hirar kasuwa ba. John Milton ya yi amfani da wata siffarta a babi na uku na Paradise Lost, wanda ya fito a 1667, inda yake siffanta haske kewaye da gashin mala'iku. Mawaƙan da suka biyo baya sun ɗora ta kan hazo da ya kewaye dutse, da hayaƙi, da tsiro mai yaɗo a jikin ginshiƙi. Idan aka tattara, fagagenta uku ne: nasara, ado, da makoki, domin irin wannan zoben furanni ne Turawa ke ajiyewa a kan kabari.

Abin lura a nan shi ne, zoben ganye da kambin zinariya abubuwa ne ƙerarru, an gama su kafin a kawo su, ɗorawa kawai ake yi. Don haka mutum yana iya ɗauka ya ɗora wa kansa. Haka Napoleon ya yi a cocin Notre-Dame ta Paris ranar 2 ga Disamba 1804, a gaban Fafaroma. Za mu ga cewa a Hausa wannan aiki ba shi da suna.

3. Kalmomin kewayewa a Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomin kewayewa ba, sai dai kowace da fagenta. Muna iya kasa su gida uku.

Kashi na farko kewayen tsaro ne: ganuwa, birni, kafi, shinge, darni, danga. Wanda ke ciki shi ke cin amfaninsu. Daga wannan kashi ne maroƙa da makaɗan fada suka fi ɗebo siffofin yabo, inda sarki ke zama ganuwa ko bango ko garkuwar jama'arsa. A lura, a nan sarki shi ne mai kewayewa, ba shi aka kewaye ba.

Kashi na biyu kewayen farauta ne da yaƙi: ƙawanya, zobe, ritsawa. Idan an ce an yi wa gari zobe, to wanda ke ciki ya shiga uku.

Kashi na uku shi ne abin da ke kewaye jiki: ɗamara da guru a ƙugu, kambu a damtse, munduwa a hannu, gammo da rawani a kai. Kambu asalinsa laya ce ta fata, amma gidajen rediyo da jaridu sun ɗauke shi, tare da "kambi", suna fassara nasarar gasa da hular sarakunan Turai. Wannan aro ya zauna, ba mu da ja a kansa.

Idan siffa ake bi, babu abin da ya kai gammo kama da zoben ganyen Turawa: tsumma ne ko ciyawa a murɗe, an haɗa baki, an ɗora a ka. Amma ba a girmama kowa da gammo, na ɗaukar kaya ne. Abin da ya haɗa gammo da rawani shi ne aikatau guda. Ana naɗa gammo, ana naɗa rawani, ana naɗe tabarma, maciji ma yana naɗewa. Ma'anar tushen nan ita ce murɗa abu mai tsawo a kewaye, daidai da tushen kalmar Ingilishi. Ta wannan fuska ɗalibin Buza ya yi daidai.

Sai dai naɗin sarauta ya bambanta da ɗora kambi ta hanyoyi uku.

Na ɗaya, naɗi yana bukatar hannun wani. Kowane malami ko dattijo yana naɗa rawaninsa da safe, wannan bai mai da shi sarki ba. Sai an zaunar da mutum a bainar jama'a, wani wanda aka yarda yana da ikon yin haka ya sa an naɗa masa, kafin a ce "an naɗa shi". Wanda ya ɗauki sarauta da ƙarfi ana cewa ya ƙwace, kuma ko shi sai ya nemo masu naɗi daga baya.

Na biyu, abin da aka naɗa yana warwaruwa. Rawani ƙyalle ne mai tsawon kamu da yawa, ko farar harsa ko baƙin ɗan Kura, ba shi da siffar kansa sai wadda hannu ya ba shi. Shi ya sa ake cewa an tuɓe sarki, an warware masa rawani.

Na uku, zoben ganye yana zuwa ne bayan an gama aiki, lada ne. Naɗi kuwa farkon aiki ne. Gaisuwar da ake yi wa sabon sarki ta isa shaida: "Allah ya taya riƙo." Ba a yi wa wanda ya ci tsere irin wannan addu'a. A nan rawani ya sake haɗuwa da gammo, domin duka biyu kaya ake shirin ɗorawa a kansu.

4. Wa ke naɗi a Adar da Gobir Tudu?

4.1 Daga Azna zuwa Agabba

Keita da Buza suna cikin Adar mai duwatsu da kwaruruka, Madawa kuma tana bakin Adar ta kudu maso gabas, a ɓangaren da ake kira Gobir Tudu. Littattafai biyu da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai ta buga cikin 1975, na Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Turawa da na Nicole Echard kan tarihin manoman Adar, su ne ginshiƙin abin da muka sani. Duka biyu sun nuna cewa mazaunan farko, Azna, suna zaune ne ƙungiya ƙungiya, kowace da kwarinta ko dutsenta. Shugabancinsu ya dogara ga alkawarin da kakanni suka ƙulla da iskokin wurin, ana gadonsa cikin gida, ba daga hannun wani sarki na nesa yake fitowa ba. A wannan mataki tambayar "wa ya naɗa?" ba ta da ƙarfi, wadda ake yi ita ce "wa ya riga zama?"

A ƙarni na 17 Adar tana ƙarƙashin rinjayen Kabi. Cikin 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi, Adar ta koma hannun Abzin. Agabba ya gaji mahaifinsa a 1687, amma a 1721 aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa. Sai ya komo Adar ya zauna Birnin Adar, ya kafa gidan sarautar da daga baya ya koma Illela. Abin sha'awa shi ne, sarautar Sarkin Adar tuɓaɓɓen sarki ne ya kafa ta. Tun daga tushe gidan ya san cewa rawani yana warwaruwa.

Agabba bai zo shi kaɗai ba. Tare da shi akwai ƙungiyoyin Abzinawa da ake kira Lisawan, waɗanda aka danƙa wa kula da sassan ƙasar da karɓar haraji. Daga cikinsu ne gidan sarautar Keita ya fito. Ke nan daga wannan lokaci iko ya zama hawa hawa: ƴan ƙasa suna riƙe da tsafin ƙasa, sarakunan garuruwa suna neman amincewar Sarkin Adar, shi kuma yana dogara ga Abzinawan da suka kafa shi.

4.2 Tambari da amawali

A ƙarni na 18 Kel Geres suka baro Abzin suka sauka tsakanin Adar da Gobir, wuraren Galma da Arzarori a ƙasar Madawa ta yau. Zuwansu ya kawo wata alamar iko dabam. A wurin Abzinawa kowane namiji da ya balaga yana naɗa rawani ya rufe baki, saboda haka rawani ba ya bambanta shugaba da mabiyi. Abin da ke bambantawa shi ne ganga, "ettebel" a harshensu, kalmar da ke nufin gangar da ikon da jama'ar da ke amsa kiranta gaba ɗaya. Hausawan yankin suna kiran irin wannan shugaba Tambari, wato sun ba mutum sunan gangarsa.

Al'adun nan biyu sun yi musaya. Kalmar "amawali", ɓangaren rawani da ke rufe baki, daga harshen Abzinawa Hausa ta aro ta. Shi kuwa baƙin rawanin mai ƙyalli da Abzinawa ke taƙama da shi, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga, ayarin raƙuma su kawo shi tare da hatsi bayan sun sauke gishirin Bilma. Kan Ba'abzine da shunin Kano yake naɗe, bakin basaraken Hausa kuma da kalmar Abzin yake rufe.

Kel Geres ba su tsaya ga karɓar iko ba, suna cikin masu ba da shi. Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a watan Oktoba 1850, ya tarar da bikin ɗora Sarki Abdulƙadiri, kuma ya bayyana cewa shugabannin Kel Geres da na Itesan suna da rawar da ba a tsallakewa wajen rako sabon sarki da zaunar da shi. Wato shekara 176 bayan Agadas ta aiko wa Adar da mai mulki, mutanen da ke kiwo a ƙasar Madawa suna cikin masu naɗa Sarkin Agadas. Wanda ya fassara wannan da "couronnement", yana tunanin sarki mai cikakken iko da fadawa a durƙushe, ya juya hoton a kife.

4.3 Rawanin malamai

Akwai rawani na uku a yankin, na malamai. Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutumin Adar ne, shi kansa Shehu an haife shi a Maratta, kusa da Galmi, cikin 1754. A wurin jama'ar Shehu naɗa rawani bin sunna ne, ba ya jiran izinin fada. Wannan kuwa ƙalubale ne ga sarauta, domin ga mutane suna yawo da alamar girma wadda sarki bai ba su ba.

Tarihin Gobir ya nuna cewa sarakuna sun gane haka. A taron Idi na Magami, wajen 1788, cikin abubuwa biyar da Shehu ya nema daga Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, ya kuma samu, har da a girmama duk mai rawani. Bayan ƴan shekaru Sarki Nafata ya yi shela ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Da wuya a sami hujjar da ta fi wannan nuna cewa ƙyallen kai maganar siyasa ce. Cikin 1804, shekarar da Napoleon ya ɗora wa kansa kambi, jama'a ce ta yi wa Shehu mubaya'a a Gudu bayan hijira.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Sakkwato ta zama sabuwar cibiyar da ake neman amincewarta. Amma a Adar da Gobir Tudu ikonta bai taɓa zama shi kaɗai ba. Gobirawa ba su daina tawaye ba har yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka faɗi. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri. A Adar kuwa ƴaƴan gidan Agabba sun yi ta jayayya, kowane yana da masu goya masa baya, wani Sakkwato, wani Kel Geres, wani Abzinawan Azawak da ake kira Kel Dinnik. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 manomin Tamaske ko na kwarin Majiya yana iya biyan fiye da hannu guda cikin shekara. Hannayen naɗi sun yi yawa, rawani ya yi sako-sako.

5. Da'irar da aka zana daga nesa

Kewaye na gaba ba a kan mutum aka yi shi ba, a kan taswira aka yi shi. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yuni 1898 ta ce iyakarsu za ta biyo Dallol Mauri har ta haɗu da wata da'ira wadda cibiyarta ita ce tsakiyar birnin Sakkwato, tazararta kuma mil 100, wato kusan kilomita 161. Daga nan iyakar za ta bi bakan da'irar ta arewa har inda ya sake yanke layin digiri 14.

Idan muka auna a taswira za mu ga abin da wannan ke nufi ga yankinmu. Madawa tana da nisan kimanin kilomita 135 daga Sakkwato a miƙe, saboda haka tana cikin da'ira, rabon Ingila. Birnin Ƙonni ma haka. Buza, mai kimanin kilomita 170, tana waje da kaɗan. Keita da Tawa, masu kusan 200, suna rabon Faransa. Bakan ya ratsa tsakanin Madawa da Buza, ya raba kwari guda, kasuwanni guda da makiyayar Kel Geres, alhali a lokacin babu ko ɗaya daga ƙasashen biyu da ke da bariki a wurin. Ingilishi ba su ci Sakkwato ba sai a watan Maris na 1903.

Da'irar ta zame wa Faransawa ƙaya. Suna son hanya daga kogin Kwara zuwa Damagaram, amma rijiyoyi masu ruwa suna cikin rabon Ingila, dole ayarinsu ya zagaya ta Filinge da Tawa cikin ƙishirwa. Wannan ne ya sa suka matsa wa Adar. Sun kafa bariki a Tawa, da wani a Gidan Bado kusa da Buza, kuma cikin 1901 suka yaƙi Kel Geres a Zangebe da Galma suka karya ƙarfinsu. Duk da haka matsalar ruwa ba ta kau ba sai da aka koma teburi. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Faransa ta bar haƙƙin da take da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Terre-Neuve, can arewacin Amurka, ita kuma Ingila ta yarda, cikin abubuwan da ta bayar, a turo iyakar kudu. Wata yarjejeniya ta 29 ga Mayu 1906 ta daidaita layin, ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi shi a ƙasa suna kafa alamu har 1908. Ta haka Ƙonni da Madawa suka faɗo hannun Faransa. Da ba a yi wannan musaya ba, da ɗan Madawa da Ingilishi ya yi karatun boko.

Kalmar da'ira ba ta tafi da tafiyar bakan Sakkwato ba. Sunan da Faransawa suka ba yankin mulkinsu shi ne "cercle", mai riƙe da shi kuma kumandan. Lokacin samun mulkin kai a 1960 Nijar tana da irin waɗannan yankuna 16, Madawa tana cikinsu. Gyaran 1964 ya kawo "arrondissement" guda 32, ita ma kalmar daga tushen mulmulawa take, kuma a nan ne Madawa, Buza da Keita suka tsaya kowace da kanta ƙarƙashin Tawa. Dokokin 1998 da 2002 suka ɗaga su zuwa "département". Wannan kewaye ba ya cikin kashi na farko da muka lissafa, domin ba na ciki ne ya gina shi don tsaron kansa ba. A farkon zamaninsa ya fi kama da ƙawanya.

6. Daga kumandan zuwa minista

Turawan Faransa ba su hana naɗi ba, hannun suka canza. Sun yanka ƙasa kanto kanto, suka ɗora wa kowace sarki da takardar gwamna bisa shawarar kumandan. Inda suka sami wanda ya karɓe su, kamar shugabannin Lisawan, sun faɗaɗa masa ƙasa. Keita ta zama cibiyar kanto a 1913. Inda aka yi musu turjiya, kamar wurin Kel Geres, sun rage ikon Tambari ya koma kan mutanensa kawai, ba kan manoman da dā ke ba shi hatsi ba.

Kayan da aka ɗora bisa sabon gammon suna da nauyi: tara lanho, ba da mutane aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946, da ba da sojoji. Wanda ya kasa a tuɓe shi. Wanda ya iya kuma yana iya gamuwa da fushin waɗanda ba su yarda da hannun da ya naɗa shi ba. Cikin 1917, lokacin tawayen Kawusan wanda ya yi wa barikin Agadas zobe tun Disamba 1916, mahara suka faɗa wa Keita suka kashe sarkin kanto.

Sarakuna sun koyi kare rawaninsu a ƙungiyance. Sun kafa ƙungiyarsu a 1949, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 yawancinsu sun juya wa gwamnatin Djibo Bakary baya. Bayan mulkin kai, dokar 1993 da ta 2015 kan matsayin sarautar gargajiya sun tsara cewa masu garuruwa ne za su zaɓi sarkin kanto cikin waɗanda ke da haƙƙin gado, hukuma kuma ta tabbatar da takarda. Bikin naɗi yana biyo baya, da makaɗa da dawaki da sarakunan maƙwabta. Ke nan hannaye uku ne suka haɗu a kan rawani guda: gado, ƙuri'a da sa hannun hukuma. Yawancin rigingimun sarauta da ake kai wa kotu jayayya ce kan wanne cikin ukun ya fi ƙarfi.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari uku ga masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta.

Na farko, idan kalmar Ingilishi ta zo a fagen ado, kamar hazo a kan dutse ko yaɗo a jikin itace, "kewaye", "lulluɓe" ko "nannaɗe" sun wadatar. Idan ta zo a fagen nasarar gasa, "kambi" ya riga ya zauna. Amma a tuna cewa ko a nan al'adarmu ta bi hanyarta: a gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa cikin 1975, takobi ake ba zakara, a sa masa riga a naɗa masa rawani.

Na biyu, idan ana juya tarihinmu zuwa Faransanci, a guji "couronne" da "couronnement". "Intronisation" ma gadon sarauta take nunawa, ba ta nuna hannun da ya yi aikin. Gara a bar kalmar "naɗi" yadda take a yi mata bayani, ko a yi amfani da "enturbannement", wadda Faransancin Nijar ya riga ya saba da ita.

Na uku ya shafi ɗalibanmu masu zuwa neman labarin baka a Garhanga, Dewule, Bangi ko Galma. Jerin sunayen sarakuna da shekarun mulkinsu ba ya isa. Ga kowane suna a tambayi dattijo: wa ya naɗa shi, a wane gari, rawanin daga ina aka aiko shi, wa ya halarta, wa ya ƙi zuwa, kuma in an tuɓe shi wa ya tuɓe shi. Amsoshin nan su ne za su nuna mana lokacin da wani gari ya bar duban Illela ya koma duban Sakkwato, ko ya bar Tambari ya koma bariki. Dattawan da suka ji waɗannan labarai daga bakin waɗanda suka ga zamanin kumandan suna ƙarewa, saboda haka aikin ba na jinkiri ba ne.